Idan fangas ya kama jijiyar roba bayan tiyata: abin da mai jinya zai yi tun daga zazzaɓin farko

Sati bakwai da dawowar Kawu gida Gombe daga aikin da aka yi mishi a ƙafa, Inna ta kira ni bayan magariba, tace in zo in duba, wai wurin ɗinkin matsematsinsa yana jiƙa wando. Na je na buɗe, wani ɗan rami ne bai kai ƙwayar wake ba, ruwa yana tsattsafowa kamar ruwan wankin shinkafa, ba wari, ba wani ja sosai. Nace Kawu tun yaushe? Yace ai ya fi kwana goma, ba ya zafi shi yasa bai faɗa ba. Zazzaɓin yamma kuma da yake damunsa an riga an yi mishi maganin maleriya har sau biyu, an yi na taifot, wani mai kemis ya yi mishi alluran antibayotik na kwana biyar. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma a daren nan hankalina ya tashi, domin na san abin da ke kwance a ƙarƙashin ramin nan.

Kawu yana da ciwon suga, jijiyar da ke kai jini ƙafarsa ta dama ta toshe, sai likitoci suka ɗauko wani bututu na roba suka ɗinka daga matsematsi zuwa saman gwiwa don jini ya kewaye wurin da ya toshe. Shi ne mutane ke ce ma jijiyar roba. Akwai wadda ake saƙawa da zaren Dacron, akwai ta PTFE wadda aka fi sani da Gore-Tex. Ana sa ta a ƙafa, ana sa ta a babbar jijiyar ciki idan ta kumbura tana neman fashewa, ana kuma sa wa masu wankin ƙoda a hannu. Aiki take yi sosai, ta ceci ƙafafu da rayuka masu yawa. Matsalarta ɗaya, ba naman jiki bace. Jini yana bi ta cikinta amma ita kanta ba rai a jikinta, saboda haka in ƙwayar cuta ta maƙale mata sojojin jiki ba sa iya kai mata yadda ya kamata, magani ma haka.

Yawancin masu jijiyar roba ba abin da ke samunsu, 'yan kaɗan ne cikin ɗari take kamuwa, kuma a cikin waɗannan ma galibi bakteriya ce irin su Istafilokokus. Fangas shi ne mafi ƙaranci, shi yasa ake makara kafin a tuna da shi. Fangas dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ne, dangin makero da ƙyasfi. Wanda ya fi kama jijiyar roba sunansa Kandida, shi ne dai mai sa farin abin nan a harshen jarirai, shi ne kuma ke kawo ma mata ƙaiƙayi da farin ruwa da ake ce ma sanyi. Yana zaune a hanjinmu da fatarmu lafiya lau, sai ya samu ƙofa. Na biyu Asfajilas, wanda ke cikin ƙura da ruɓaɓɓen hatsi, shi bai cika faruwa ba amma in ya kama ya fi muni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 da suka fi zama barazana, kuma a sahun farko na guda huɗu akwai Kandida iri biyu da Asfajilas.

Matakin farko, ka san ko mara lafiyarka yana cikin waɗanda abin ya fi sauƙin kamawa. Mai suga da sugansa ba ya sauka, wanda ya daɗe yana shan antibayotik kala-kala (suna kashe bakteriyar da ke danne fangas sai shi ya samu fili), wanda aka daɗe da layin ƙarin ruwa a wuyansa ko ana ba shi abinci ta jijiya, mai wankin ƙoda, mai shan firednisolon (maganin kumburi mai rage garkuwar jiki), wanda aka sake buɗe wurin aikin sau biyu ko uku, da wanda ɗinkinsa yake a matsematsi inda gumi da danshi ba sa rabuwa da wurin, balle a zafin Maris da Afrilu na garin nan. Kawu ya haɗa uku daga ciki.

Na biyu, alamomi. Fangas ba shi da hayaniya irin ta bakteriya, a hankali yake cin mutum. Zazzaɓi ne da ke zuwa ya tafi, kasala, rashin cin abinci, rama, ciwo ya ƙi rufewa ko ya rufe ya sake hudewa. Wani lokaci cikin watanni huɗun farko yake bayyana, wani lokaci sai an shekara ko fiye har an manta da an yi aiki. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, mai jijiyar roba in zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko an yi maganin maleriya bai sauka ba, ba wurin mai kemis za a koma ba. A je asibiti, kuma kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce akwai roba a jijiyarsa, a wuri kaza, an sa ta wata kaza. Kar a ɗauka zai gani a kati.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su ko da ƙarfe biyun dare ne. Kumburi a wurin ɗinki wanda in ka ɗora hannu kana jin yana bugawa kamar zuciya, wannan mahaɗar robar da jijiya ce ta fara saki, jini ne a ciki ba mugunya ba. Dan Allah kar a kai wa wanzami, kar a yi sakiya, kar a sa ƙaho, kar wani ya soka allura wai zai zuƙe. Jini ya fito daga ciwon ko da cokali ɗaya ne ya tsaya da kansa, gargaɗi ne, na biyun yana iya zama wanda ba ya tsayawa. Ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari ko yatsu su yi baƙi da zafi mai tsanani. Wanda robarsa take a ciki kuma, in ya yi aman jini ko bayan gida baƙi kamar kwalta, yana iya zama robar ta ci ta huda hanji, kuma a irin wannan ne aka fi samun Kandida tunda daga hanjin yake fitowa. In jini ya ɓalle a gida, a kwantar da shi, a ninke tsumma mai tsabta a danna wurin da tafin hannu da duk ƙarfi, kar a ɗaga don a leƙa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai, a haka za a shiga mota hannu na kai har a isa.

Na uku shi ne gwaji, kuma a nan nake so in daɗe domin a nan aka fi yin asara. Gwajin da ake buƙata shi ne a ɗebi jini a zuba a kwalabe na musamman a ajiye a ga abin da zai tsiro, ma'aikata na ce mishi kalcha. A ɗiba daga wurare biyu daban, kuma kafin a fara sabon magani in hali ya yi. Ka gaya wa likita duk abin da aka sha da duk allurar da aka yi a waje, ka zo da kwalayen a leda, ba wanda zai kama ka, ɓoyewar ce ke cutarwa. Ka roƙi a rubuta a takardar gwaji cewa ana zargin fangas, saboda 'yan lab su shuka a kan abin da fangas ya fi tsirowa kuma kar su yi saurin zubarwa. Irin wannan gwaji a manyan asibitoci ake samu, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, in kana Kumo ko Dukku ko Bajoga gara ka nemi takardar turawa da wuri.

Abu biyu game da sakamakon. In ya fito ba komai, ba shi ke nan ba, kusan rabin masu Kandida a cikin jiki jininsu ba ya nunawa, Asfajilas kuwa kusan ba ya tsirowa a kalchar jini sam. In kuma ya fito da Kandida ko a kwalba ɗaya ce, ba a cewa datti ne ya shiga, cuta ce kuma a ranar ake fara magani. Shafa auduga a bakin ciwo a kai lab ba ya wadatarwa, domin fata dama akwai Kandida a kanta, amsar gaskiya tana jikin robar da naman da ke kewaye da ita in an ciro. Na Kawu kwalba biyu cikin huɗu suka tsiro a rana ta uku.

Daga nan sai hoto. Za a fara da sikanin da ake ɗorawa a fata a ga ko ruwa ya taru a gefen robar, amma wanda ya fi nunawa shi ne siti sikan da ake sa ruwan rini a jijiya, yana nuna ruwa, iska, ko kumburin mahaɗa. A duba ƙoda kafin a sa rinin, mai shan maganin suga metfomin kuma ya faɗa. Akwai wasu biyu da iyalai ba sa ganin dalilinsu sai su ƙi biya: hoton zuciya da duba cikin ido. Kandida in ya shiga jini yana sauka a bawul ɗin zuciya da bayan ido, kuma in an same shi a can maganin da tsawonsa suna canzawa. Inna ta tambaye ni, me ya haɗa ciwon ƙafa da likitan ido? Nace Inna jinin ɗaya ne. A satin farko ake so a duba, in kuma ya fara ganin hazo ko wasu ɗigo-ɗigo suna yawo a idonsa a faɗa nan take.

Ka kuma tambayi wane irin Kandida ne, kuma wane magani ke kashe shi. Ba iri ɗaya bane. Albikans yawanci yana jin fulukonazol, kurusei ba ya ji tun asali, gilabrata sai da ƙyar, auris wanda aka fara ganowa a Japan a 2009 galibinsa ya fi ƙarfin fulukonazol. Asfajilas kuma fulukonazol ba ya taɓa shi ko kaɗan, borikonazol ake ba shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɗaci, maganar sake tiyata. Ranar da likita yace sai an cire robar, Kawu ya yi shiru ya daɗe, sannan yace likita, duk kuɗin da aka kashe a sa ta, ba allurar da za ta wanke ta a ciki? Likitan yace Baba, ka san cikin jarkar ruwa in ta daɗe, wannan santsin da ke kama jikinta, ko ka zuba ruwa sau goma ka girgiza yana nan. Haka fangas ke yi, yana gina wani yauƙi a jikin robar ya shige ƙarƙashi, magani ya kashe na cikin jini, na ƙarƙashin yauƙin yana nan yana jira a daina. Shi yasa magani kaɗai ba kasafai yake warkarwa ba, kuma barin robar na iya kaiwa ga fashewar mahaɗa, yanke ƙafa ko rasa rai.

A aikin za su cire robar, su kankare duk naman da ya lalace, su aika lab, sannan su nemi wata hanyar jini. Mafi kyau jijiyar jikin mutum ce, a ciro daga ɗaya ƙafar ko daga cikin cinya, domin ita tana jure cuta. In babu, sai a bi da sabuwar roba ta wata hanya mai tsabta nesa da wurin, misali daga ƙarƙashin ƙashin wuya a gangaro ta ƙarƙashin fata zuwa cinya. A wasu ƙasashe akwai jijiyar da aka adana ta mamaci ko wadda ake ɗinkawa da tantanin zuciyar saniya. Wani lokaci kuma su jawo tsoka su rufe wurin da ita. Likitocin tiyatar jijiya kaɗan ne a ƙasar nan, zai iya zama sai an tura ku Kano ko Abuja ko inda aka yi aikin farko, saboda haka tun yau ka nemi takardar aikin farko mai nuna irin robar da inda aka ɗinka ta, ka ɗauke ta a waya. Ka fara neman masu ba da jini cikin dangi tun kafin a ce a kawo. Duk wani layi da ke wuya ko roba ta fitsari da za a iya cirewa, likita zai so a cire ko a canza. Na Kawu jijiyar ƙafar hagu aka ciro.

Na biyar, maganin bayan tiyata, kuma wannan rabin aikin mai jinya ne. Ana farawa da na jijiya. Waɗanda aka fi so su ne kasfofanjin, mikafanjin ko anidulafanjin, sau ɗaya a rana, ba sa wahalar da ƙoda kuma suna iya shiga yauƙin nan, sai dai tsada da wuyar samu, mu mun nema har wajen jiha kafin aka yanke shawarar amfani da amfoterisin B. Shi tsohon magani ne tun shekarun 1950, ruwan ɗorawa ne launinsa, a ruwan suga ake haɗa shi ba a ruwan gishiri ba, kuma a hankali ake sakinsa na sa'o'i. Ranar farko Kawu ya yi rawar sanyi har gadon na motsi, haƙora na haɗuwa, Inna ta fara salati tana cewa a cire. Wannan sananne ne, a kira nas, ana ba da farasitamol kafin a ɗaura, ana rage gudu, kuma yakan ragu bayan 'yan kwanaki. Abin tsoron na ɓoye ne: yana taɓa ƙoda, yana zubar da gishirin jini irin su fotashiyam da magniziyam. Dole a riƙa gwajin ƙoda da gishirin jini sau biyu ko uku a sati, ana yawan sa ruwan gishiri kafin kowane ɗauri in zuciya da ƙoda za su ɗauka, kai kuma ka lura da yawan fitsari, ka rubuta. Kasala mai yawa, ɗaurewar tsoka ko bugun zuciya ya rikice, a faɗa. Kar a ba shi diklofenak ko ibufurofen a wannan lokacin, ko allurar jentamaisin ba da sanin likitansa ba. Akwai amfoterisin na zamani da aka lulluɓe da maiƙo, ya fi sauƙi ga ƙoda, in aljihu zai iya a tambaya.

Za a riƙa maimaita kalchar jini kullum ko bayan kwana bibbiyu har ya fito fes. Kar ka ga kamar ɓarnar kuɗi ce, da ita ake sanin magani na ci.

In jini ya wanke, jiki ya daidaita, kuma gwaji ya nuna ƙwayar tana jin fulukonazol, sai a koma na sha. A nan mutane ke ruɗewa, domin sun san shi a matsayin ƙwaya ɗaya mai miligiram 150 da mata ke sha sau ɗaya don sanyi. A wannan cutar likita kan rubuta 400 zuwa 800 kullum gwargwadon nauyin mutum da ƙarfin ƙodarsa, mai wankin ƙoda kuma bayan wanki yake sha. Mai kemis ɗin unguwarmu da ya ga takardar cewa ya yi an yi kuskure, har ya ba Inna shawarar ta rage. Ba kuskure bane, kar a rage, in ana shakka a koma wa wanda ya rubuta. Tsawon magani gaba ɗaya aƙalla sati shida ne bayan cire robar, sau da yawa ya kai watanni, in kuma ba a iya cire ta duka ba ko an sa sabuwar roba a wurin, yana iya zama shan magani na shekaru ko har ƙarshen rayuwa don a danne shi. Zazzaɓi zai tafi tun sati na biyu, ciwo zai rufe, mutum zai ce ya warke. A nan ake yankewa, a nan kuma yake dawowa. Ka sayi na sati biyu gaba kafin na hannu ya ƙare, daga kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC.

Fulukonazol ba ya shiri da wasu magunguna, kuma masu jijiyar roba su ne masu shan su. In ya haɗu da wafarin, maganin hana jini daskarewa, jini yana tsinkewa fiye da kima, sai a ga dasashi na jini ko fitsari ja, dole a ƙara yawan gwajin tsinkewar jini a gyara adadin. In ya haɗu da maganin suga gilibenkilamaid, suga na iya faɗuwa warwas, Kawu sau ɗaya ya jiƙe da gumi yana magana ba kan gado da hantsi, muka ba shi ruwan sukari, daga baya aka mayar da shi insulin. Fulukonazol yana ƙara ƙarfin simbastatin, maganin rage kitsen jini, har tsoka ta yi ciwo, yana rage aikin kilofidogirel mai hana jini gudaji, maganin tarin fuka rifamfisin kuma yana rage ƙarfin fulukonazol ɗin. Ko maganin maleriya za a ba shi a faɗa yana kan fulukonazol, saboda wasu in sun haɗu suna taɓa bugun zuciya. Mace mai ciki ba a ba ta wannan adadin. A riƙa gwajin hanta, in ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu ko amai ya ƙi tsayawa a koma. Bushewar leɓe da zubewar gashi suna faruwa in an daɗe, suna komawa daidai in an gama. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a ajiye su tukuna, hanta ɗaya ce ke ɗaukar duka. Wanda ke kan borikonazol kuma ya guji rana, zai iya ganin haske na walƙiya a ido bayan sha.

A gida, suga shi ne gaba, a auna safe da yamma a rubuta a littafi a tafi da shi ranar ganin likita. Ciwon a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, ba toka, ba man shanu, ba garin kafso. Matsematsi ya zauna a bushe, wando mai faɗi na auduga, in ya yi tsarki a tsane wurin da tsumma mai tsabta. Tsakanin yatsun ƙafa in ya yi fari yana saɓulewa a nuna a yi magani. Kawu a kujera ya riƙa sallah har likita ya yarda ya durƙusa, tsuguno ma an hana shi na wani lokaci. Taba sigari a bar ta gaba ɗaya. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, mun hana shi shiga sito da tsayawa inda ake sheƙa ko zazzage buhunan da suka yi funfuna, yaransa ke yi, in ya fita lokacin hunturu da takunkumi. Da azumi ya zo likita yace bana ya sha saboda insulin da ƙodarsa, ya ciyar, amma wanda aka yarje wa ya yi, fulukonazol sau ɗaya ne a rana, ana iya tsayar da shi a sahur ko bayan buɗa baki, lokaci ɗaya kullum.

Ranakun komawa asibiti kar a tsallake ko da yana jin garau, za a duba jini, a yi sikanin a ga sabuwar hanyar na gudana. Bayan an tsayar da magani watannin farko su ne na sa ido, zazzaɓi ko ɗan danshi a tabon a koma ranar. Na rubuta wa Kawu wata 'yar takarda da ke aljihun rigarsa kullum, ranar aikin farko, ranar da aka cire robar, sunan ƙwayar da aka samu, magungunan da yake sha da adadinsu, da lambar wayata. Wata huɗu ya yi yana shan fulukonazol kafin likita ya tsayar, yanzu da sanda yake takawa zuwa masallacin unguwa, kuma duk Juma'a in na je gaishe su sai na buɗe tabon na duba, na taɓa bayan ƙafar in ji bugun jini.